Shugaba Tak Ya Zo da Mansa

A tsibirin Yeongdo, inda gidajenmu suka hau kan tudu suna leƙen tashar jiragen ruwa ta Busan, babu wanda bai san Tak Manbok ba, domin shi da kansa ya ɗauki nauyin sanar da kowa. Shekara talatin ya yi yana ɗaga sandar ƙofa a wurin ajiye motoci na bakin tasha, kuma wannan aikin ne yake kira "zamana a teku". Yana da farar hula irin ta kyaftin, wadda ya saya a wurin 'yan gwanjo. Duk jirgin da ya yi kuka daga nesa, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Wancan injinsa na bukatar dubawa."

Mu takwas ne a adashinmu, kuma mun daɗe muna zubi da niyya guda: mu shiga ɗaya daga cikin manyan jiragen nan na yawon shaƙatawa a shekarar da matar Tak, Eom Malsun, za ta cika saba'in. Ita ta fara kawo maganar. Shekara arba'in ta yi tana suyar wainar kifi a wani ɗan shago mai taga ɗaya, tagar kuwa teku take kallo. Ta ga shigar jirage, ta ga fitarsu, amma ƙafarta ba ta taɓa taka ko ɗaya ba.

An biya kuɗin tafiya, an sayi jajayen huluna iri ɗaya don kada wani ya ɓace. Sai farashin mai ya tashi a duniya. Kamfanin jirgin ya sanar cewa kowane fasinja zai biya ƙarin kuɗin mai, wanda bai biya ba kuma ba zai karɓi katin shiga ba.

Muka taru a saman benen kasuwar kifi, inda muka saba zama. A wannan shekarar, bisa rashin sa'a, shugabancin adashi ya zagayo kan Tak. Kowa ya ajiye nasa ƙarin a gabansa, ana ƙunƙuni. Tak bai ko dubi kuɗin ba. Ya sa sandunan cin abinci ya ɗauko yankan kifi, ya ɗaga shi sama kamar mai gabatar da shaida a kotu.

"Wannan kifin, wa ya saya?"

"Ni," in ji Pyo Dokchil, tsohon mai askin unguwa, "kuma kai ka fi kowa ci."

Pyo da Tak shekararsu ta haihuwa ɗaya. Tun suna yara suke gardamar wa ya girmi wani, kuma har yau babu wanda ya yarda ya kira ɗan'uwansa Yaya.

"A ina ka saya?"

"A ƙasa mana. Idonka ya mutu ne?"

"Madalla. Ka saya a ƙasa, ka hauro da shi. Matar nan ta yanka, ta kawo ganye da yaji, yanzu za ta yi mana farfesun kan. Me za ta karɓa a hannunmu?"

"Kuɗin zama."

"Kuɗin zama kaɗai! Ta isa ta ce mu biya ta kuɗin kifi? To, jirgi ma haka yake. Kuɗin zama mun biya. Mai ne suke kuka da shi? Sai mu hau da namu."

Ya bayyana mana cewa ya gani da idonsa a talabijin: manyan jirage yanzu suna tafiya da tsohon man suya, irin wanda aka gama soya kaji da shi.

"Baban Yonggil," in ji Malsun ga mijinta, "ai barci ka yi a tsakiyar shirin."

"Runtse ido na yi, ina nazari."

Na ce masa ni ma na kalli shirin, kuma ni ban yi nazari ba. Sai an kai man masana'anta an sarrafa shi tukuna.

"Malama, da girmanki, ke lissafi kika koyar, ba teku ba. Masana'anta tacewa kawai take yi. Ni ba ni da hannu ne?"

Ya yi alkawari cewa da ɗan abu kaɗan zai tara man, ragowar kuɗin kuma ya mayar wa kowa ya sayo tsaraba. Jin kalmar tsaraba ya tausasa zukata. Aka ce a ɗaga hannu. Ni ban ɗaga ba. Wanda ya riga kowa ɗagawa shi ne Pyo.

"Dokchil, har da kai?" na ce masa.

"Malama, tun muna firamare nake jiran rana irin wannan. Kada ki hana ni."

Tak ya miƙe, ya gyara hula. "Na rantse a gabanku, won ɗaya, ko ƙwandala guda ta kuɗinmu, na ƙarin nan ba zai fita daga hannuna ya shiga hannun kamfani ba. Kuma ku sani, shugaba na gaskiya shi ne na ƙarshen shiga jirgi, sai ya ga mutanensa duk sun shige."

Malsun ta ci gaba da naɗe kifinta a ganye. "Ni dai abu ɗaya na sani," ta ce. "Ranar nan ƙafata za ta taka jirgin nan, ko da mai zai tafi, ko da ruwan shayi."

A zaton Tak, masu suya zubar da tsohon mai suke yi, kuma za su gode masa idan ya raba su da shi. Da ya tambayi matarsa, da ta gaya masa akwai mai motar da ke zagayawa yana saye. Amma Tak bai taɓa tambayar matarsa komai ba, sai inda safarsa take.

Ya fara da mai soya kaji ta bakin gada.

"Kyauta? Shugaba, a wace ƙasa? Ai mai mota biyana yake yi."

"Nawa yake ba ki? Zan ba ki daidai. Ke kin san inda man nan zai je? Jirgi ne mai hawa goma sha biyar zai sha shi. Manki zai kai har Japan."

"Au, haka ne? To, man da zai je Japan ai ba farashinsu ɗaya da na zaman gida ba."

Ta ƙara, ya biya. Kafin ya kai shago na uku labari ya riga shi, kowace mai kasko ta fito ƙofa tana jiransa da murmushi. Farashin mai ya tashi a duniya saboda dalilan da manya suka sani; a Yeongdo kuwa mutum ɗaya ne ya tashe shi, da bakinsa. Mai fanken kusa da makaranta ma, bayan an gama ciniki, sai ta ɗora wani abu a kai.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Ƙarin kuɗin mai. Babur zai kai maka gida, shi kuma ba ruwa yake sha ba."

Garewani suka yi ta hawa rufin gidan Tak, har suka kewaye tulunan miyar Malsun. Na tambaye shi yadda ya san adadin da mutum takwas za su ci a tafiyar. Ya ce ya ƙiyasta da ido. Na tambaye shi abin da ya rage na kuɗin. Ya ce iska ta yi yawa, bai ji ni ba.

Rana ta bugi garewani, ƙamshi ya sauko unguwa. Kuliyoyin Yeongdo, na gida da na titi, suka mayar da rufin Tak majalisarsu. Matar da ke maƙwabtaka da su ta leƙo ta katanga.

"Shugaba! Na shanya wanki, na kwashe, mijina ya tafi coci yana ƙamshin kaza. Har fasto ya tambaye shi ko ya buɗe shago!"

"Ki gaya masa ƙamshin ci gaba ne."

Sai maganar tacewa. Ya gwada rariya, ɓurɓushi ya wuce. Ya gwada tawul, mai ya ƙi wucewa. Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙyalle mai laushi, shuɗi, wanda ya yi aikin yadda ake so. Ina gidan lokacin da Malsun ta hau rufin ta tarar da shi. Gyalen siliki ne da surukarta ta saya mata don tafiyar.

Ta dubi gyalen, ta dubi mijinta.

"Maman Yonggil, kada ki damu, wankewa zai yi."

Ta sauko, ta shiga ɗaki, ta ɗauki waya, ta ja ƙofa. A lokacin ban san wanda ta kira ba.

Da gunaguni ya fara yawa, Tak ya ce zai yi gwaji a gaban shaidu. Pyo ya aro ɗan jirgin kamun kifi na wani surukinsa da ba sa shiri. Aka ce dole in zo, domin maganata ce kowa zai yarda da ita. Na zauna a tsakiyar jirgin da lemata.

Tak ya ɗura man. Ya ja igiya. Abin mamaki, inji ya tashi.

"Malama, kin gani? Dokchil, buɗe kunnenka ka ji! Ina masana'antar?"

Muka fita daga gaɓa, hayaƙi na binmu, ƙamshin soyayyar kaza na bin hayaƙi. Fararen tsuntsayen teku suka ji, suka taso daga kowace kusurwa, suka yi mana rumfa suna ihu. Masunta a kan duwatsu suka miƙe suna ɗaga mana hannu, wani ya ƙwala, "Rabin kaza nawa?" Tak ya tsaya a goshin jirgi ya sara musu.

Inji ya yi tari sau ɗaya. Ya sake yi. Sai ya yi wani irin nishi mai tsawo, ya yi shiru.

"Hutawa yake yi," in ji Tak.

Ya ja igiya har hular ta faɗi. Tsuntsaye, da suka ga babu kaza, suka nuna fushinsu ta hanyar da suka iya, kuma ni kaɗai ce mai lema. Pyo ya kwanta a ƙasan jirgi yana dariya har da hawaye.

"Manbok, ka sara musu mana! Ko za su ja mu!"

Wani mai jirgi ne ya ɗaure mu da igiya ya jawo mu gaɓa, a gaban duk waɗanda suka ga fitarmu. Muna sauka Tak ya goge hularsa ya fuskanci jama'a.

"Gwaji ya yi nasara. Ƙaramin inji ƙaramin ciki gare shi, abinci mai maiƙo ya fi ƙarfinsa. Babban jirgi ko gyatsa ba zai yi ba."

Da yammar ranar na je wa Malsun da shawarar a karɓe abin da ya rage a hannunsa tun da sauran lokaci.

"Babu abin da ya rage, Malama," ta ce. "Na duba aljihun. Ki dai shirya akwatinki."

Ranar tafiya ta zo. Mai a-kori-kura da aka kira ya dubi garewani, ya dubi tudu, ya faɗi kuɗinsa, sannan ya ce akwai ƙarin kuɗin mai.

"Kai ma?" in ji Tak.

"Baba, kowa ma."

Ya biya daga aljihunsa, yana bayanin cewa rantsuwarsa kamfani ta shafa, ba direba ba.

A ƙofar zauren fasinja aka loda garewani a kan kekunan tura akwati. Tak ya shige gaba da farar hula, jajayen huluna na biye suna turi. Ni na bi su a baya, da tazarar da za ta sa a yi zaton ban san su ba. Zauren cike yake: ma'aurata sababbi, tsofaffi irinmu, iyalai da jikoki. Duk inda muka gifta sai hanci ya ɗaga.

Wata yarinya mai ladabi ce a kantar rajistar fasinja. Ta duba sunayenmu.

"Baba, ku takwas ba ku biya ƙarin kuɗin mai ba tukuna. Za ku iya biya a nan."

"Ba za mu biya ba, 'yata. Mun zo da namu."

"Na'am?"

"Manmu. Ga shi nan. Ki kira yaran inji su shigar."

Yarinyar ta leƙo ta saman kantar. Ta daɗe tana leƙe.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Man kaza, man wainar kifi, man fanke kaɗan. Duk tatacce, da siliki."

"Ba a shiga jirgi da irin wannan."

"Ke 'yar ina ce?"

"Nan Busan."

"To, kin taɓa hawa benen kasuwar kifi?"

"Na taɓa."

"Idan kin hau da kifinki, kuɗin kifi ake karɓa ko kuɗin zama?"

"Kuɗin zama. Amma Baba, nan ba gidan abinci ba ne."

"Ba gidan abinci ba ne? An ce akwai gidan abinci bakwai a cikinsa!"

Layi ya tsaya a bayanmu. Wani ya ce a yi sauri, wani ya ce a bar tsohon ya gama, ya fi talabijin. Wayoyi suka fara ɗaguwa. Tak da ya ga ya sami masu sauraro, sai murya ta ƙaru.

"Kira mini kyaftin. Ki ce masa Tak ne, na bakin ƙofa. Duk kyaftin ɗin da ya taɓa ajiye mota a tashar nan, ni na ɗaga masa sanda!"

Maimakon kyaftin, wani mai gadi ne ya zo, ya roƙe shi ya matsar da kayan gefe.

"Kana shakkar ingancinsa ke nan? Tsaya ka gani."

Ya ɓalle murfin garwa ta sama, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu don ya nuna tsabtar man. Hannun ya fito da ƙashin fiffiken kaza.

"Wannan garwar ban kai kanta ba," ya ce. "Bari in nuna maka ta ƙasa."

Na ce, "Manbok, kada ka ja." Ya ja.

Garwar sama ta karkata, ta yi sallama da 'yan'uwanta. Mai ya malale a kan daɓen nan mai sheƙi. Tak ya yi taku ɗaya don ya tare, ƙafafunsa suka riga shi tafiya. Ya zauna daɓas, kuma bai tsaya a inda ya zauna ba. Ya wuce mai gadi, ya wuce layin sababbin ma'aurata, waɗanda suka buɗe masa hanya cikin girmamawa, bai tsaya ba sai a gindin wata tukunyar fure. Hular ta iso bayansa a hankali.

Sai muryar Pyo: "Ga shi kuwa ya tafi da man! Ba inji ma!"

Dariyar da aka yi, ina jin har cikin jirgi an ji ta. Matan adashinmu kuwa ba su yi dariya ba. Ɗaya ta fara kuka, domin an sanar cewa an kusa rufe rajista, ga shi ba kuɗi, ba kati.

Malsun ta ajiye jakarta a hannuna. Ta je ƙofa, ta ɗaga hannu. Wani mutum mai rigar leda ya shigo. Mai motar nan ne da ya shekara da shekaru yana sayen tsohon manta. Shi ta kira ranar gyale, kuma tun da safe yake jira a waje.

"Inna, duka?"

"Duka, ban da wanda maigida ya zauna a kai."

Suka koma gefe. Ban taɓa ganin ciniki irin wannan ba. Ta tuna masa cewa mai ya ƙara tsada tun ranar da suka yi magana, ta tuna masa cewa wannan da siliki aka tace shi, ta tuna masa wainar kifin da ya ci a shagonta bai biya ba tun yana saurayi. Mutumin ya yi gumi, ya sallama. Amma da ya zo miƙa kuɗi sai ya zare wani abu.

"Wannan fa?"

"Inna, ki yi haƙuri. Ƙarin kuɗin mai. Daga nesa na zo."

Malsun ta kai kuɗin wurin rajista. Yarinyar ta duba, ta ce cikin tausayi, "Inna, na mutum bakwai ne."

Muka juya gaba ɗaya muka dubi Tak, wanda mai gadi ya tayar, wandonsa na ɗiga.

Pyo ya ciro jakar kuɗinsa a hankali, yadda kowa zai gani. "Manbok, ni zan biya maka. Ba rance ba, kyauta. Kalma ɗaya kawai nake so. Ce mini Yaya."

Tak ya dubi jakar. Ya dubi jirgin ta gilashi, fari, dogo, ya tokare sama. Ya dubi wayoyin da ke kallonsa.

"Baban Yonggil," in ji Malsun, "ka faɗa mana. Ba za ta shaƙe ka ba."

"Sai dai jirgin ya tafi ba ni."

"To, zai tafi kuwa."

Ni ban yi masa tayi ba. Mutum ya yi rantsuwa a gabana, ba ni zan taimake shi ya karya ta ba.

Tak ya ɗauki hularsa ya kifa, mai na gangaro masa ta bayan kunne. "Dama me na ce muku? Shugaba shi ne na ƙarshe. Ku shige, ina kallo."

Malsun ta karɓi katinta da hannu biyu. Ta gyara wa mijinta kwalar riga. "Akwai miya a firiji. Ka taya mutanen nan goge daɓe, sannan ka wanke mini rufi."

Da jirgi ya fara ja da baya, muka hau can sama. Malsun ta riƙe ƙarfen gefe tana bin tudun Yeongdo da ido, gida-gida, har ta tsaya.

"Malama, ga ta can. Tagata." Ta ƙara leƙawa. "Ashe ƙarama ce haka."

A ƙasa kuwa, a ƙarshen gaɓa, ga wani ɗigo mai farar hula ya ƙame yana sara wa jirgi, tsuntsaye sun yi masa rumfa.

A cikin jirgi Malsun ta ci soyayyen jatan lande da wani ya soya, ta ce man bai yi zafi ba, ta ƙara faranti. Ta kwana ita kaɗai a ɗakin mutum biyu, ta ce tun da aka yi aurenta ba ta san haka dare yake da shiru ba.

Ranar da muka dawo, muka tarar da Tak a ƙofar shagon aski, mutane sun kewaye shi.

"Ku tambayi Malama, ga ta nan, ba ta ƙarya! A cikin dubban mutanen da suka sayi tikitin jirgin nan, wane ne kaɗai kamfani bai ci won ɗinsa ɗaya na ƙarin mai ba?"

Aka juyo ana dubana. Na auna maganar ta kowane gefe, ban sami inda zan kama ta ba.

"Shi ne," na ce.

Tak ya buɗe hannuwa kamar wanda aka naɗa. Malsun ta rataya masa jakarta a ɗaya, akwatinta a ɗayan, ta nuna masa tudu.